Takardar Jikin Bango

Ranar Lahadi aka liƙa ta
a bangon ofishin ƙaramar hukuma, nan Gadarif,
daidai inda nake kafa murhun shayina,
ƙarƙashin darbejiyar da ta girme ni.
Wani ma'aikaci mai siririn gashin baki
ya shafa mata gam da yatsa,
ya sha kofi ɗaya, bai biya ba, ya koma ciki.

Layi-layi take kamar kunyar riɗi.
Sunan unguwa a dama, lissafi a hagu:
fasa shago kaza, fizgen waya kaza,
buhun da ya yi ƙafa daga sito,
jakin da aka kwance da tsakar dare.
Kukan gari na wata uku
an matse shi ya koma tawada.

Idona ya daina ganin ƙananan baƙaƙe.
Jikata Rumasa'u ke karanta mini,
tana bin layi da tsinken tsintsiya.
Na ce, nemo tamu.
Ta ce, Iya, goma sha ɗaya.
Na ce, ta masu benaye fa, bayan kasuwar hatsi?
Ta ce, arba'in ba ɗaya.

Sai na ajiye cokali.
Shekara talatin ana jifan mu da ido.
Abu ya ɓace, a ce a leƙa unguwar Fallata.
Mai gidan haya ya ji harshenka,
ya ce ɗakin jiya aka kama.
Yau ga bango ya buɗe baki,
bangon da ba shi da dangi a cikinmu.

Kafin azahar na sayar da shayin kwana biyu.
Mahjub dillali ya ɗauki hotonta a waya,
ya ce gidajensa na layin asibiti sun ƙara kuɗi.
Tanimu mai amalanke ya ce ƙarya ce,
shi kaɗai sau uku aka yi masa bana.
Na ce, ka kai ƙara?
Ya ce, in bar lodi in je in yini a benci?
Nan na tuna butocina biyu
da tukunyar gas da aka ɗauke da damina.
Ni ma ban je ba.
Ashe sha ɗayan nan tana da ƙanne
da ba a yanka musu ragon suna ba.

Akwai wani layi can ƙasa,
ɗaya tilo a gabansa.
Rumasa'u ta tsallake, na ce dawo.
Ta ce, kisa.
Babu suna, babu rana.
Amma na san wanda ke cikin ɗayan nan:
Idrisu ɗan Tabawa, mai gyaran fanka,
mai cewa rage sukari, ƙara na'ana'a.
An tsayar da shi a takarda
siriri, miƙaƙƙe,
kamar yadda yake tsayuwa a sahun asuba.
Uwarsa ta biyo nan da yamma da kwandon kuɓewa.
Na ba ta kujerar da ke ba bangon baya,
na yi ta jan ta da zancen tsadar gawayi
har aka kira magariba.

An ce bayan wata uku za a liƙa sabuwa.
Wannan dai akuya ta fara cin gindinta,
rana ta kwashe jan hatimin.

Gobe zan kashe wuta da wuri,
in shiga, in zauna a bencin nan,
in faɗi butoci biyu da tukunya ɗaya,
ko da tamu za ta koma sha biyu.
Tanimu ya ce zan ƙara wa unguwa baƙin jini.
Na ce, butocina ne, a rubuta su.
In na fito kuma
zan tsaya a teburin mai gashin baki
in karɓi kuɗin kofina.